Saje Lawan Bai Bar Ƙofa Ba

Jama'a, a gyara tsayuwa, a ƙame! Mai shayi ya ajiye ludayi, mai faci ya kashe inji, 'yan adaidaita a rage hon. Ga Saje Lawan Tanko mai ritaya, Babban Kwamandan Ƙofar Gidan Alhaji Ashiru, Sarkin Yaƙin ƙadangarun Tarauni! Mutumin da ya je Laberiya ya dawo, ya je Saliyo ya dawo, amma yau shekara tara bai taka Gyadi-Gyadi ba, alhali daga bencinsa ana jin kiran sallarsu.

Haka nake yi masa kirari duk lokacin da na faka adaidaitata a gindin darbejiyar da ke ƙofarsa. Ko ɗago kai ba ya yi. Sai dai ya ci gaba da goge takalminsa, ya ce, "Kurtu, ka zo?"

Ni ne kurtun. Sunana Inuwa. Na yi sakandare har aji biyar, daga nan ni da makaranta muka rabu ba tare da faɗa ba. Na taɓa gyaran waya, na taɓa tallan gilashin ido a danja, yanzu adaidaita nake ja. Ba na iya zaman minti goma wuri ɗaya, ko wajen aski sai an riƙe mini kai. Shi ya sa mutumin da ya yi shekara tara a kan benci guda ya tsaya mini a rai.

Dogo ne siriri, gashin bakinsa fari fat, bayansa a miƙe kamar an sa masa rodi. Gidan da yake gadi kuwa, kada ku ɗauka wani gida ne. Bene ne aka kai shi linta aka tsaya. A ciki akwai tulin bulo, da bishiyar mangwaro, da tankin ruwa da ya fashe, sai ɗan ɗakinsa a jikin ƙofa. Ɓarawon da ya haura gidan nan sai dai ya fito da tausayi.

Ga yadda abin ya faro. Bayan ya bar soja, Alhaji Ashiru mai yadi ya ɗauke shi gadi. Wata safiyar Talata Alhaji zai tafi Kaduna, ya sauke gilashin mota ya ce, "Saje, kada ka bar ƙofar nan sai na turo wanda zai canje ka." Nufinsa zuwa la'asar, don akwai wani maigadin da yake shirin ɗauka su riƙa karɓa-karɓa. A Kaduna ciwo ya kama Alhaji. Gawarsa aka dawo da ita. Mai canji bai zo ba.

Tun daga ranar duniyar Baba Saje ta tsaya iya inda ido ke hango ƙofar. Masallacin kwana yana ciki, muddin ya tsaya a sahun ƙarshe jikin taga. Teburin mai shayi yana ciki. Famfon unguwa rabinsa yana ciki, shi ya sa yake tarar ruwa da baya-baya. Ranar Juma'a yana jira sahu ya malalo har lungunsu, sannan ya shimfiɗa dardumarsa. Da za a aurar da 'yarsa Husaina, a masallacin kwanar nan aka ɗaura, dangin ango suna ta tambayar ko gidan amarya ne wannan kangon. Yanzu tana Ƙauyen Alu da 'ya'ya uku, ita ke aiko masa da abinci, bai taɓa ganin ɗakinta ba. Matarsa, Inna Indo, ta yi shekara biyu tana lallashi, sannan ta naɗe tabarmarta ta koma wajen 'yar. Da za ta tafi ta ce masa, "In ƙofar ta sake ka, ka san hanya."

Za ku ce ina magada? Su huɗu ne, maza, kowa da lauyansa. Kowannensu ya taɓa ce masa ya tafi abinsa. Amsarsa ɗaya ce: "To, ranka ya daɗe, turo mai canji." Ba wanda zai turo, don duk wanda ya ajiye maigadinsa a nan, sauran ukun za su ce ya ƙwace gida. Su sun maƙale a kotu, shi ya maƙale a ƙofa.

Rana ɗaya ce a shekara nake ganin abin yana cinsa: sha biyar ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Ni dai da, abin da na sani game da ranar shi ne ana tare titi, kasuwa ta lalace mini. Shi ya zaunar da ni ya koya mini, ina tsugune ina cin gyaɗarsa.

"Da can ba Janairu ba ce," in ji shi. "Sha ɗaya ga Nuwamba ce, ranar da Turawa suka ajiye babban yaƙinsu na farko. Mu ma muna bin su, don kakanninmu sun yi musu yaƙi. Ba ka ji ana cewa wane ya je yaƙin Bama ba? To, da aka gama Yaƙin Basasa, sha biyar ga Janairun saba'in, sai aka ce mu ma muna da ranarmu, aka mai da ita nan."

"Ana ba da hutu, Baba Saje?"

"Hutun me? Wanda ya mutu ne ya huta. Ana fareti, a ajiye furanni, a busa bigila, a yi shiru na minti ɗaya, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru."

"A saki tattabaru? Haka kawai, ba a soya ba?"

"Kurtu, in da a bariki ne, da ka kwana kana tsallen kwaɗo."

Duk shekara ran nan zai fito da kakinsa na tsofaffin sojoji, wanda yake gogewa da dutsen gawayi tun jajibiri, ya jera lambobinsa uku a ƙirji, ya tsaya a bakin ƙofa. Can wajen hantsi sai ya ƙame ya sara wa iska. Yana cewa yana jin bindigar daga nan. Ni ban taɓa jin komai ba sai injin markaɗen maƙota.

Da, akwai mai kawo masa rahoto. Samanja Okey, wanda ya yi masa shugaba a Laberiya, ya yi ritaya ya buɗe shagon gyaran firji a Gyadi-Gyadi, ya haifi 'ya'yansa duka a Kano. Da an tashi daga fareti zai zo ya zauna a bencin nan, ya lissafa masa waɗanda suka zo da waɗanda ba za su sake zuwa ba, su yi ta zagin juna har azahar. Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa ya shanye. Tun daga nan ba su ga juna ba. Tsakaninsu tafiyar minti goma ce a adaidaita, ni da nake yin ta sau ashirin a rana. Ɗaya ƙafa ta hana shi, ɗaya magana.

Bana, saura kwana biyar, Regina ta zo. 'Yar Samanja ce, tana da kemis a Babban Giji, ita ke yi wa Baba Saje allura in zazzaɓi ya kayar da shi. Hausarta ta fi tawa. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba Saje, ran sha shida yayana zai zo ya tafi da Dadi gida, can garinmu. Tafiyar ke nan, ba dawowa. Ya ƙi yarda a tafi kafin sha biyar. Ya ce a kai shi fareti ko a kan kujera ne, kuma ya ce in gaya maka ka zo ku tsaya wa Sani tare. Ya ce wannan ce ta ƙarshe."

Ban san ko wane ne Sani ba. Na dai ga burushin takalmi ya tsaya a hannunsa.

"Ki gaishe shi," ya ce. "Ki ce ba a turo mai canji ba."

"Baba, don Allah. Kangon nan me za a ɗauka a ciki?"

"Ki gaishe shi, 'yata."

Da ta tafi na miƙe na buga ƙafa na sara masa da hannun hagu. "Kurtu Inuwa ya kawo kansa! Zan riƙe maka ƙofa awa uku, ko ƙadangare ba zai fita ba sai da takarda."

Ya dube ni daga silifas har askin kai. "Wa ya turo ka?"

"Zuciyata."

"Zuciyarka ba ta da muƙami. Kuma kai, da fasinja ya ɗaga hannu a kwana, ka tafi."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Na samo lambar babban ɗan Alhaji, na kira shi a gaban Baba Saje, na buɗe muryar wayar. Mutumin ya ce, "Wane maigadi? Au, har yanzu yana nan? Ya je mana, wa ya riƙe shi?" Na ce to ya ce ni ya turo. Ya ce sai ya yi magana da lauyansa, ya kashe. Baba Saje dai ya shiga ɗaki ya fito da kakin ya shanya.

Kwana huɗun nan ban yi masa kirari ba. In na wuce sai in gan shi ya taka har ƙarshen iyakarsa, wajen famfo, ya tsaya yana kallon bakin titi, ya waiwayo ya kalli ƙofa, ya dawo. Kamar akuyar da aka ɗaure da doguwar igiya, Allah Ya yafe mini.

Ran sha biyar da safe Regina ta ɗauke ni shata in kai mahaifinta. Mu biyu muka ɗago shi daga kujera muka sa a baya, ita ta zauna gefensa tana tallafe da shi. Ya rame, bakinsa ya karkace, amma hular soja tana zaune daidai a kansa. Maganarsa tana fita a hankali, kamar ana jawo guga.

"Direba, Dogo zai zo?" Haka yake kiran Baba Saje.

"Ranka ya daɗe, Dogo yana jiran takarda daga lahira."

"Inuwa!" in ji Regina.

Samanja ya yi dariya da rabin baki har ya sarƙe. Da ya lafa ya ce, "Ka san Sani?" Na ce ban sani ba. Muna tafe yana faɗa, ina rage gudu don in ji.

"Wata 'yar gada ce a Laberiya. Ni na ajiye su a kanta, su biyu, Dogo da Sani. Na ce kada wanda ya motsa sai na turo canji. La'asar ta yi, Dogo ya tuna ya bar butarsa a tanti. Ya ce wa Sani minti biyar. Yana cikin ɗura ruwa ya ji harbi. Harsashi ɗaya. Ko da yana nan, ba abin da zai iya. Na gaya masa. Ban kai shi gaba ba, ban gaya wa kowa ba. Shekara talatin da wani abu ke nan."

Muka kusa titi. Sai na ji sandar Samanja ta zungure ni a baya.

"Juya. Tarauni."

"Dadi, za mu makara," in ji Regina.

"Na ce juya."

Muka tarar da Baba Saje tsaye a ƙofa cikin kaki, lambobi suna ƙyalli. Da ya ga wanda ke bayan adaidaita, sai ya buga ƙafa ya sara. Muka sauko da Samanja muka zaunar da shi a benci, muka jingina shi da bango. Ya ɗauki lokaci yana duban Baba Saje sama da ƙasa.

"Maɓallinka na biyu ya karkace. Ka tsufa, Dogo."

"Kai kuma ka zama saurayi, Oga."

"Kawo mukullai."

Baba Saje bai motsa ba. "Oga, Alhaji bai turo ka ba."

"Ina ruwana da Alhajinka? Wa ya fara ajiye ka a gadi, ni ko shi?"

Bai jira amsa ba.

"Ni na ajiye ka, a kan gada, ban kuwa taɓa sauke ka ba. Mantawa na yi. Yau na tuna. Saje Lawan, na karɓe ka. Kawo mukullai, ka je ka tsaya wa Sani, ka tsaya mana mu biyu. Oda ce."

Baba Saje ya shiga ɗaki ya fito da kayan aiki, ya riƙa ajiye su ɗaya bayan ɗaya a cinyar Samanja, yana faɗa da ƙarfi kamar akwai bataliya a wajen: "Mukullai uku. Tocila ɗaya. Usur ɗaya. Gora ɗaya. Gida lafiya, ba abin da ya shiga, ba abin da ya fita." Samanja ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya sara. Mai shayi ya bar tukunya tana tafasa ya tsaya kallo.

Baba Saje ya shiga adaidaitata ya zauna a tsakiya, hannuwa a gwiwa. Ina kallonsa ta madubi. Muka wuce masallaci, muka wuce famfo. Da muka sha kwana ƙofar ta ɓace, sai ya damƙi ƙarfen bayan kujerata har na ji shi a ƙashin bayana. Gumi ya keto masa, alhali sanyi ake yi.

"Baba Saje, in tsaya?"

"Tafi."

Na so in yi masa barkwanci, na ce ga Kano tana gaishe da baƙo daga ƙasar waje. Bai ji ni ba. Yana ta kallon shaguna da ba ya gane su. Da muka doshi Dangi ya ce, "Ina shataletalen?" Na ce ai an daɗe da cinye shi, yanzu gada ce a sama, hanya a ƙasa. Ya leƙa ya kalli siminti a saman kansa, ya mayar da kai ciki da sauri.

Gaba kaɗan muka faɗa gosulo. An tare hanyar da manya za su bi zuwa filin fareti, motoci sun cushe, ba gaba ba baya. Na gwada lungun dama, wata tifa ta toshe shi. Na gwada in hau gefen titi, 'yan uwana 'yan adaidaita sun riga ni, mun haɗu mun ɗinke. Minti ashirin, minti arba'in. Ni da ba na iya zama, na sauka na hau sau bakwai, na yi faɗa da direban bas, na yi faɗa da mai rake. Baba Saje yana zaune, sai duban agogo yake yi.

Can sai muka ji bindigar. Dum! Daga nesa, amma wannan karon ni ma na ji.

Ya sauko. A tsakiyar titi, tsakanin bas da motar burodi, ya haɗa ƙafa ya ƙame ya sara. Wani yaron mota ya fara dariya, direbansa ya make masa ƙeya. Dum! Wata mata a cikin bas ta ce, "Allah Ya jiƙan maza." Ban san lokacin da na cire hulata ba. Hon bai daina ba, Kano ba ta yin shiru don kowa, amma a ɗan wurin da muke an rage. Leɓensa yana motsi. Sunan Sani kaɗai na kama.

Da ya sauke hannu na ce, "Baba Saje, in an buɗe hanya za mu iya riskar tattabarun."

"Mayar da ni. Na bar marar lafiya a kan aiki."

Sai bayan azahar muka kuɓuta. Muna shan kwana ya hango ƙofar, na ji ya saki ƙarfen kujerata, ya ja numfashi kamar wanda ya fito daga ruwa. Regina tana zaune a ƙasa tana yi wa mahaifinta fifita. Samanja kuwa kai ya langaɓe, baki a buɗe, gora ta faɗi, yana ta minshari. Mukullan dai suna damƙe a hannunsa.

Ban taɓa ganin haƙoran Baba Saje ba sai ran nan.

"Samanja! Barci a kan aiki?"

Tsohon ya buɗe ido ɗaya. "Ido na rufe don abokan gaba su saki jiki. Ka je?"

"Na kai rabin hanya."

"Ka tsaya masa?"

"Na tsaya. Mu biyu."

"To, shi ke nan. An sallame ka, Dogo. Je ka gida wajen Indo."

Baba Saje ya miƙa hannu. "Mukullai uku, Oga."

Samanja ya daɗe yana kallonsa, ya ƙi sakin su. "Na ce an sallame ka."

"Kai ka sauke ni daga taka. Ta Alhaji tana nan."

"Kai dai jaki ne tun kana ƙaramin soja."

"A hannunka na koya."

Ya sakar masa. Baba Saje da kansa ya ɗauke shi cak ya sa a adaidaita, ya gyara masa hula, ya gyara masa ƙafar da ba ta motsi. Ba su rungumi juna ba, ba su ce sai wata rana ba. Ya biyo mu a ƙafa har famfo, iyakarsa, ya tsaya a nan ya sara. Samanja bai iya waiwayawa, sai ya ce in karkata madubi. A ciki ya yi ta kallonsa har muka sha kwana.

Da na sauke su na dawo, na tarar ya cire kaki ya ninke, ya koma benci da burushinsa. Na faka, na hau kan tulin yashin maƙota don muryata ta kai ko'ina.

"Jama'ar Tarauni da Gyadi-Gyadi, albishirinku! Yau Saje Lawan Tanko ya ƙetare famfo! Ya ga gadar sama da idonsa, ya tsayar da titin Zariya da hannu ɗaya! Wanda ya fita sau ɗaya zai fita sau biyu. Gobe Kurtu Inuwa zai kai shi Ƙauyen Alu kyauta, ya ci tuwon Inna Indo da zafinsa, ya ga ɗakin Husaina, jikoki su hau masa wuya!"

Na diro na tsaya a gabansa, na buɗe hannuwa ina jiran amsa.

Ya tofa wa takalmin yawu, ya goga, ya karkata kai yana leƙen bayana.

"Matsa, kurtu. Ka tare mini ƙofa."